Gefen da ban taɓa da hannu ba

Makon jiya na tattara sifanonina na bar garejin da na shafe shekara huɗu a cikinsa ina gyaran baburan daji, irin waɗanda ake tsere da su cikin yashi da tudu da kwazazzabo. Na sauke injina da dama a wurin, na ɗaura wasu, amma da na zauna ina tunanin abin da na fito da shi, filtar iska ce ta tsaya min a rai. Soso ne da bai wuce tafin hannu biyu ba, kuma shi ne aikin da ake tura wa yaro sabon zuwa.

A shekarata ta biyu abin ya faru. Wani mutum ya kawo babur mai inji 250, mai bugu huɗu, da yamma lis, ya ce da asuba zai fita da shi. Oga ya ce in wanke filta in mayar kafin a rufe. Na cire kujera, na kwance notin tsakiya, na zaro filtar da kwarangwal ɗin robar da take sanye a kai. Na wanke, na shafa mai, ina ƙoƙarin mayarwa Oga yana tsaye a kaina. "Kai yaro, filta ce fa, ba inji ba. Mutum yana jira." Na tura ta ciki, na ɗaure noti, na duba ta gaba na ga ta zauna daram. Ban sa hannu na shafa ta baya ba. Ashe ƙusar kwarangwal ɗin ba ta faɗa raminta ba, leɓen soson ya ɗan ɗago a gefen da ido ba ya kaiwa. Ratar ba ta fi kaurin farce ba.

Bayan mako biyu babur ya dawo a bayan mota. Ba ya tashi sai an sha wahala, in ya tashi kuma babu ƙarfi. Oga ya cire filtar, ya zura yatsa cikin bututun robar da ke bayanta, wanda ya kamata a ce yana nan tas kamar sabo, ya fito da yatsan ya ɗaga min a gaban ido. Ƙura ce mai gurzar fata, in ka murza ta tsakanin yatsu biyu kana jin ta kamar garin kwalba. Da na haska fitila ciki na ga sawunta, wani layi ja-ja da ya taso daga gefe guda ya miƙe har cikin inji. Ba sai an yi min bayani ba, na san gefen.

Inji irin wannan in yana juyi 10,000 a minti, totur a buɗe, yana zuƙar iska sama da lita 1,000 a cikin mintin nan guda. Ita kuwa iska ba ta son wahala, in ta sami rata ba za ta tsaya ratsa soso mai danƙo ba, ta nan za ta bi da duk abin da ta kwaso. Ƙwayar yashi ta fi yawancin ƙarfen da ke cikin inji tauri, in ta haɗu da mai sai ta koma kamar man da muke gurza bawul da shi. Da muka buɗe, ringi sun cinye, jikin silinda ya yi zane-zane, bawul ɗin shigar iska sun lotse cikin mazauninsu har ratar da ake bar musu ta rufe. Dalilin ƙin tashin ke nan.

Laifina ne, ban taɓa musun wannan ba. Abin da har yau ban iya haɗiyewa ba shi ne maganar da Oga ya yi a gaban mai babur: "Na sha gaya masa ya riƙa dubawa, ba ya ji." Wallahi bai taɓa gaya min ba. Babu wanda ya taɓa nuna min ana shafa giris a leɓen filta, babu wanda ya ce min in zagaya da yatsa. Abin da aka koya min a garejin shi ne a tsoma soso a fetur, a murɗe shi kamar wanki, a zuba baƙin mai, a mayar. Wata uku ana yankar kuɗin kayan gyaran daga haƙƙina, na ce "To, Oga," ban ƙara komai ba. Kuɗin sun wuce. Maganar ce ba ta wuce ba.

Daga ranar na koma na koyi aikin tun daga tushe, da kaina. Na gane fetur yana cin gam ɗin da ya haɗa ɗinkin soson, yana kuma sa shi ya bushe ya fara marmashewa, don haka sai na koma ruwan wankin da aka yi domin filta, in bi da ruwan ɗumi da sabulu har sai ruwan ya fito fes. Ba na murɗewa, matsewa nake yi a tafin hannu, domin murɗa tana yaga ƙananan ramukan soson ta ciki inda ba ka gani. Sai in bar shi ya bushe ƙayau, ko zai kai gobe, saboda mai ba ya kama jiƙaƙƙen soso. Baƙin mai kuma na daina, tsiyayewa yake yi ya taru a ƙasa ya bar sama a bushe. Man filta na ainihi yana da danƙo, kuma shi ne yake kama ƙurar, soson mariƙi ne kawai. Ina zuba shi in murza har launin ya zama ɗaya ko'ina, babu wani fari-fari da ya rage, in matse rarar, in ba shi ɗan lokaci ya yi kauri. In ya yi yawa inji ya shaƙe, in ya yi kaɗan ƙura ta wuce.

Kafin in mayar, ina toshe bakin bututun da tsumma mai tsafta in goge akwatin iskar, don kada dattin da ya maƙale a bango ya faɗa ciki. Sai giris siriri a leɓe. Sai in zura hannu in bi gefen gaba ɗaya da yatsa, sau biyu, ido a rufe, ko da wa yake tsaye a kaina.

Sauran darussan ba su da tsawo. Soson da ɗinkinsa ya fara buɗewa, ko ka ja shi ka ga yana zubar da gari, ba wanki yake buƙata ba, a sake sabo. Wanda yake hawa cikin ƙura ya ajiye filta biyu ko uku a shafe da mai cikin leda, ya riƙa canjawa bayan kowace fita, wani lokaci ma a tsakiyar yini. Kada a haɗa man wani kamfani da ruwan wankin wani ba tare da an duba ba, akwai wanda ruwa da sabulunsa ke fitarwa, akwai wanda ba sa taɓa shi. In mai babur yana sauri, gara a ce masa ya dawo gobe.

Tun daga wancan babur, babu wani da ya fita daga hannuna ya dawo da ƙura a bayan filta. Oga ya sani, ko da yake bai taɓa faɗa ba, kuma har ranar da na tafi da fetur yake wanke nasa.

A ranar ƙarshe na kira ƙaramin yaron da aka kawo kwanan nan, na ba shi filta ya mayar. Ya ɗaure noti ya ce, "Yaya, ta zauna." Na kama hannunsa na zura ta baya, na bi da yatsansa a hankali har ya iso inda leɓen ya ɗago. Ya ɗaga kai ya dube ni. Na ce ya kwance ya sake.