Asabar: lodi biyu da safe, walimar suna da yamma

Houston, watan Yuni.

Tun daren jiya na yanke wa yinin nan iyaka: duk jirgin da bai tashi ba kafin ƙarfe 1:30 na rana, ba da ni ba. Yaya ta haihu, an raɗa suna ranar Talata da safe, amma walima sai yau bayan la'asar, don a Amurka ba a samun jama'a sai Asabar ko Lahadi. Ranakun nan biyu kuma su ne filin dirar laima, inda muke faɗowa daga jirgin sama da laima, ke cika, jirgi na sauka ana yi masa sabon lodi. Mai wannan sha'awa duk ƙarshen mako yana tsakanin kira biyu, kuma wanda bai tsayar da lokacin tashinsa tun daga gida ba, a filin ba zai iya tsayarwa ba.

Bayan sallar asuba na duba hasashen iska: ta ƙasa, da ta ƙafa 3,000, 6,000, 9,000 da 12,000. Ta ƙasa mil 8 a awa daga kudu, wato daga wajen teku. Ta sama ita ke nuna inda za a fita daga jirgi da tazarar da za a bari tsakanin rukuni da rukuni. Hasashen ya kuma nuna hadari zai taso da rana, abin da aka saba gani a nan a wannan wata. Saboda haka rabon yau na safe ne.

Na isa filin ƙarfe 7:30. Kafin rajista sai duba kaya, kuma a nan ba a tsallake komai. Farko katin laimar ko-ta-kwana: dokar Amurka ta ce mai lasisin naɗi ya buɗe ta, ya duba, ya sake naɗewa duk kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Sai ɗan hatimin dalma da jan zarensa a kan fil ɗinta, a ga bai tsinke ba. Sai na'urar da ke buɗe ta da kanta. Tawa Cypres ce, ƙirar Jamus. Idan mutum ya kai kusan ƙafa 750 yana zuwa da gudun da ya wuce mita 35 a daƙiƙa, tana yanke igiyar rufin jakar, laimar ta fita. A filin ake kunna ta, ba a gida ba, domin nauyin iskar wurin da aka kunna ta shi take ɗauka a matsayin ƙasa. Bayan awa 14 tana kashe kanta. Wanda ya kunna ta da daddare don ya rage wa kansa aikin safe ya yi kuskure biyu ke nan.

Daga nan sai uku-uku, kamar yadda ake koya wa kowane ɗalibi: zobba uku na kowace kafaɗa, ƙarami cikin matsakaici, matsakaici cikin babba, igiyarsu ba ta harɗe ba, maɗauri uku, na ƙirji da na cinya biyu, mariƙi uku, na jefa 'yar laima mai jawo babbar, a gindin jaka ta dama, na sakin babbar laima a ƙirji ta dama, na ko-ta-kwana a ƙirji ta hagu. Ana taɓa su bi da bi, a jerin da za a buƙace su, har hannu ya haddace. Ƙarshe 'yar igiyar da fil ɗin babbar laima ke shiga. Ba ta kai tsawon yatsa ba, kuɗinta ba komai, amma idan ta fara gashi a canza ta nan take. In ta tsinke ko ta yi sako-sako, jaka na iya buɗewa a bakin ƙofar jirgi, kuma wannan masifar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta duk wanda ke ciki ce.

Waya tana shiga akwati da zarar an kira lodi. Najeriya na gaban Houston da awa 6 a wannan lokaci na shekara, saboda haka kiran gida da safe yake zuwa, daidai lokacin da ake shirin hawa. Na gaya wa mutanen gida daga 8 zuwa 1:30 ba a samuna sai tsakanin lodi. Ra'ayina a kan wannan ba ya canzawa: wanda ya karanta saƙon rasuwa ko na rigima minti 10 kafin hawa, ya je ya soke sunansa. Kujerar za ta koma wa wani, tikitinsa yana nan.

Lodin farko mu huɗu ne a rukuni, faɗuwar rubda ciki. Mun gwada a ƙasa sau uku, wa zai kama wa, wa zai juya ina. Bel na kujera ba a kwance shi sai an wuce ƙafa 1,500. Hawa ya ci kusan minti 15. Zafin ƙasa ya doshi digiri 30 tun da hantsi, amma kowace ƙafa 1,000 tana rage kusan digiri 2, don haka da aka buɗe ƙofa a 13,500 sanyi ne ya shigo. Jerin fita sananne ne: masu rubda ciki, babban rukuni kafin ƙarami, sai masu faɗuwa a zaune ko kai ƙasa, sai ɗalibai da malamansu, sai masu goyon baƙi. Yau tazarar daƙiƙa 7 aka sa tsakanin rukuni. In iskar sama ta yi ƙarfi, jirgin ba ya cin ƙasa da sauri, dole a ƙara tazara, in ba haka ba wani ya buɗe laima a kan wani.

Ƙafa 1,000 ta farko tana cin daƙiƙa 10, daga nan kowace 1,000 kusan daƙiƙa 5 da rabi, gudu kusan mil 120 a awa. Mun rabu a 5,000, kowa ya juya baya ya miƙe ya yi nesa, aka kaɗa hannu, aka jefa 'yar laima a 3,500. Ka'idar USPA, ƙungiyar masu dirar laima ta Amurka, ita ce rukunin da bai wuce mutum biyar ba ya rabu da ƙafa 1,500 sama da inda za a buɗe. Akwai kuma tsayin yanke shawara: ƙafa 2,500 ga ɗalibi da mai lasisin A, wato lasisin matakin farko. In an kai nan laima ba ta gyaru ba, ba a ƙara gardama da ita: a saki, a ja ta ko-ta-kwana. Tun a ƙasa ake yanke wannan adadi, domin a sama zuciya kullum cewa take saura kaɗan ta gyaru.

Sauka ta zo daidai: bin iska daga ƙafa 1,000, kwana a 600, fuskantar iska a 300, daga nan ba wani juyi mai kaifi. Iska mai zafi da danshi ba ta da kauri, saboda haka ana zuwa ƙasa da sauri fiye da na sanyi, kuma birki yana son a ja linzami biyu daidai da juna har ƙasa, a gama shi.

Naɗi shi ne inda gaggawa ta fi yin ɓarna, shi ya sa nake ba shi minti 20 cur. A ɗaure birki biyu, a maida rarar igiyar mazauninta. In ɗaya ya kuɓuce lokacin buɗewa, laima za ta kama juyi da mutum, igiyoyi su murɗe. A buɗe kyallen nan mai ramuka huɗu da ke rage ƙarfin buɗewa, a tura shi can sama ya zauna a kan matsayansa. In ya zame, buɗewar tana zuwa kamar an doki mutum, har wuya da baya su ji. A ɗana 'yar laima, a duba tagar igiyarta a ga launin alama ya fito. In ba a ɗana ba, za a jefa ta ta bi mutum a lanƙwashe ba ta ja komai ba. A bi igiyoyi daga kafaɗa zuwa kyalle a tabbatar ba su haye juna ba, a shirya kyallen ninki-ninki igiyoyi na tsakiya, a naɗe da wutsiya, a matse iska, a cusa cikin 'yar jakarta. Igiyoyi a roba, kowace roba mai ƙarfi, wadda ta tsage a yar. A bar kusan santimita 50 ba a sa a roba ba. A rufe jaka bisa jerin da kamfanin ya tsara, a sa fil, sannan a zare igiyar jan rufi. Wanda ya manta ta a ciki ya kulle jakarsa da hannunsa. Masu naɗin haya suna gamawa cikin ƙasa da minti 10, amma su aikinsu ke nan dare da rana.

Lodi na biyu ya tashi 10:40, ya tafi lafiya. Muna saukowa muka kalli hoton bidiyon nan take, muka ga inda ɗayanmu ke nutsewa ƙasa da rukuni saboda ya fi mu nauyi. Maganinsa riga mai faɗi a gare shi, ko ɗamarar nauyi ga sauran. Na nace a yi wannan kallo da rana domin a al'adar filin hirar gyara da daddare ake yi, bayan lodin faɗuwar rana, ana shan giya, har wanda ya yi wani abu karo na farko ana sa ran ya sayo katan. Musulmi ya kawo lemo da tsire, ba wanda zai ce masa uffan. Amma mai komawa cikin iyali kafin magariba ba ya samun wannan zama, saboda haka darasinsa ya karɓa tun rana na sama.

Da tsakar rana gajimare ya fara tasowa kamar tulin auduga, gindinsa baƙi, iska na tsalle daga mil 12 zuwa 22. Aka tsayar da jirgi. Irin wannan iska mai zuwa da tafiya ta fi mai ƙarfi tsayayye haɗari, don tana iya sakin laima a ƙafa 30 daga ƙasa. Bayan gini ko jerin bishiyoyi kuma iska tana hargitsewa har nisan da ya kai ninki 10 zuwa 20 na tsayinsu. Ga dokar gajimare: ba a ratsa shi, kuma a sama da ƙafa 10,000 sai an ba shi mil guda ta gefe.

Na yi azahar a gefen rumfar naɗi, alƙibla a nan arewa maso gabas. Ƙarfe 2:10 sama ta washe, aka yi kiran minti 20. Abokin rukuni ya ce, "Ɗaya kawai, ai za ka isa." Lissafin ba ya ƙarya: jira 20, hawa 15, faɗuwa da shawagi 6, tattaki da laima a kafaɗa 10, naɗi 20, tuƙi kusan awa, sannan wanka da sa kaya. A takarda kamar zai yiwu, da sharaɗin kada komai ya karkace. Amma iska na iya kai mutum gonar wani, ko a saki babbar laima a shiga neman ta cikin ciyawa har yamma. Babbar illar ma ba makara ba ce. Mutum mai agogo a ka shi ke gajarta duba kaya, shi ke ƙin sauka nesa ya yi juyi a ƙasa-ƙasa don ya faɗi kusa da mota, kuma juyin ƙasa da lafiyayyar laima yana cikin abubuwan da suka fi kashe ƙwararru. Ina tattara kaya na ga wani ya taho da gudu zai shiga lodin, maɗaurin ƙirjinsa ya ratsa ƙarfen sau ɗaya bai zagayo ba. Wata mai dira ce ta tare shi a bakin jirgi ta nuna masa. Ya gyara, ya yi godiya. Da ya buɗe a haka, zai iya zamewa daga ɗamarar.

Na biya gida na shigar da jakar ɗaki. Ba a barin ta a but ɗin mota da irin zafin nan; zafi yana cin roba, rana tana cin kyallen.

Na samu la'asar a jam'i a gidan Yaya, na kama rabon tuwo da masa tare da samari. Kawu ya kira ni gefe. "Kai, har yanzu kana wannan faɗowa daga jirgi?" Na durƙusa na ce, "Ina yi, Kawu, amma da ka'ida." Na gaya masa laima biyu ce, da na'ura ta uku, kuma a 2023 an yi dira kusan miliyan 3.65 a Amurka, mutum 10 suka rasu. Ya ce, "Goman nan ma 'ya'yan wasu ne." Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Ya yi mini addu'a, na ce amin. Ban fito da bidiyo ba. Taron jariri ne, kuma nuna wa dattijo hoton ɗansa a bakin ƙofar jirgi ba ya kwantar masa da hankali.

A wurin aka sanar da ɗaurin aure biyu a wata mai zuwa, na rubuta ranakun nan take, domin kalandar mai dira da ta zumunci dole su zauna a takarda ɗaya. Mai lasisin A, wanda ake samu daga dira 25, in ya yi kwana 60 bai hau ba sai ya bi ta hannun malami. B kwana 90, C da D kwana 180. Sabon shiga shi ya fi shiga matsi: azumi kwana 29 ko 30, wanda ba na ba kowa shawarar dira a cikinsa da zafi da ƙishirwa, sai ziyarar sallah, sai Asabar biyu na hadari, kwana 60 sun cika. Bututun iska na cikin gari, inda iska mai ƙarfi ke ɗaga mutum kamar yana faɗowa daga jirgi, yana riƙe wa jiki sabonsa, ana iya zuwa bayan tarawihi, amma ba ya shiga lissafin dira kuma ba ya koyar da sauka. Abin da ke aiki shi ne Asabar biyu a wata na fili, biyu na jama'a, ranar da suka haɗu kuma a raba ta da awa tun da dare.

An tashi hira kusan 12:30 na dare. Na cike littafin dira: biyu, ƙafa 13,500, rukunin huɗu, buɗewa 3,500, sauka a tsaye. Barcin da ya rage bai kai awa 6 ba in za a kama lodin safe, saboda haka na tura wa rukunin saƙo kada su sa sunana gobe. Da hantsi zan mayar wa Yaya kujerun haya.