Yadda na koya wa hancina aikinsa

Miyar kuka ce a kan wuta ranar da na gane. Na jefa daddawa, na duƙa kan tukunya kamar kullum, ban ji komai ba sai tururi mai ɗumi. A damunar 2020 ne, lokacin da korona ta hana kowa sakat, bayan zazzaɓi da mura sun kwantar da ni kwana shida. Zazzaɓin ya tafi, ya tafi mini da jin ƙamshi.

Abinci ya zama lami. Ashe abin da harshe ke tantancewa kaɗan ne, zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci da makamantansu. Sauran daɗin ta bayan maƙogwaro yake hawa zuwa hanci. Sau biyu shinkafa na ƙonewa ina zaune kusa da ita, sai maƙwabciya ce ta jiyo ƙauri ta ƙwala mini kira. Turaren wuta kuwa na riƙa zuba shi a kasko ba awo, har maigida ya ce, "Hajiya, korar mu za ki yi daga gidan ne?"

Wata likita ce ta ba ni dabarar da masu bincike a birnin Dresden na Jamus suka wallafa a 2009: a ware ƙamshi huɗu, wardi da lemun tsami da kanumfari da man itacen turare, a shinshina kowanne kamar daƙiƙa 10, safe da yamma, na wata uku ko fiye. Ta ce jijiyoyin jin ƙamshi suna sake tsirowa, amma suna son a riƙa motsa su. Ban sami wardi ba, na sa humra a madadinsa.

Mako uku na farko ɓata lokaci na yi. Kamar mai haɗiyar magani nake yi, waya a hannu ɗaya, kwalba a ɗaya. Goggona da ta yi zaman aure a Maiduguri, wadda haɗa humra da turaren wuta ne sana'arta, ta same ni a haka.

"Ke 'yar nan, wa ya ce miki haka ake shinshina turare? Ajiye wayar nan."

Ta ce in rufe ido, in ja numfashi gajere-gajere, kada in zuƙa da ƙarfi kamar mai shaƙar maganin mura. Ko ban ji komai ba, in tuno yadda abin yake a da. Ta ɗiga mini humra a bayan hannu ta ce kada in yanke mata hukunci yanzu, abin da ke fara tashi daban, wanda zai rage bayan sallar la'asar daban. Sandal da farce ba sa gaggawar fitowa. Kuma ba ta yarda a gwada fiye da turare uku a jere, domin hanci yana gajiya ya saba, shi ya sa mai gida ba ya jin ƙamshin ɗakinsa sai baƙo.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tambayarta. In na ce abu yana da ƙamshi sai ta ce, "Kamar me?" A nan na lura da wani abu game da harshenmu. Wajen wari mun ƙware: ƙarni na kifi, ƙauri na ƙuna, zarni na fitsari, ga hamami, ga ɗoyi. Amma mai daɗi duk ƙamshi ne, daga na jariri har na tsire. Dole na koyi kwatance. Kajiji ƙasa-ƙasa ne da ɗan ɗaci. Ɓawon lemo yana tsinkar hanci ya wuce da sauri.

Kanumfari ne ya fara dawowa, a mako na bakwai, can nesa kamar muryar mai talla a bayan layi. Bai zo shi kaɗai ba, ya zo da kakata tana danna mini shi a kogon haƙori ina kuka. Na fi shekara ashirin ban tuna ranar ba. Daga nan abubuwa suka riƙa dawowa a karkace: wata biyu cur albasa a cikin man girki warin ƙonanniyar taya take yi mini, kafin ta daidaita.

Hancin ya warke, amma ban bar zaman ba. Har yau kafin in kurɓi shayi nakan tsaya in rarrabe citta da na'a-na'a.

Da ruwan farko ya sauka a 2021 ina tsakar gida zan kwashe shanya. Ƙamshin ƙasar nan ya taso, wanda wasu ƙananan halittu da ke cikin turɓaya ke samarwa, ruwa kuma ya watsa shi cikin iska. Na tsaya da kwando a hannu. Yara suna kira daga ɗaki, "Mama, kayan suna jiƙewa!" Na ce su bari su jiƙe.