Kafin ka ɗaga hannu a taron ƙungiyar unguwa

Ƙanina, ƙungiyar unguwa ba ta da kotu, ba ta da 'yan sanda, ba ta da ikon tilasta wa kowa ya biya kuɗin wata ko ya fito aikin shara. Abin da ke riƙe da ita kawai shi ne yardar da maƙwabta suka yi mata. Yawancin ɓarnar da na yi a shekaruna na farko, wannan yardar na riƙa tsagawa ina ganin gyara nake yi.

Na shiga da zafin kai, ina kallon dattawan da ke jan ragama a matsayin masu sanyin jiki. Tun ban gama sanin sunayen mutane ba na miƙe a taro na ce a yashe babbar magudanar ruwa, a kuma kai kuka ga hukuma. Ba wanda ya katse ni. Da na zauna, sakatare ya buɗe littafin bayanan zama ya karanto cewa an daɗe da rubuta takardar, an samu amsa, an kuma gano cewa datti daga unguwar sama yake gangarowa, in ba a gyara can ba, yasar nan wahalar banza ce. Don haka ka nemi abu biyu ka karanta tukuna: kundin dokokin ƙungiya da wannan littafin. Kundin zai nuna maka wanda ke da ikon kiran taro, mutum nawa ne dole su halarta kafin shawara ta zama hukunci, tsawon wa'adin shugabanni, da masu sa hannu a fitar da kuɗi. Littafin kuwa shi ke ɗauke da abin da aka gwada ya faskara. In ka tarar ƙungiyar ba ta da ko ɗaya, to ka samu aikinka na farko.

Maganar kuɗi ita ce ta fi ƙona ni. An ɗora mini tara gudummawar gyaran fitilun titi. Wani ya ba ni a hanya, wani ya aiko yaro, wani ya turo ta asusuna na banki, ni kuma ina cewa ai na riƙe a ka. Da kayan aiki suka gaza, na cika da kuɗin aljihuna ban gaya wa kowa ba. Ranar ba da rahoto lissafi ya ƙi haɗuwa. Ban ci ko kwabo ba, hasali ma ni ke bin ƙungiya bashi, amma ba ni da takarda ko ɗaya da za ta tsaya mini. Ba wanda ya ce mini ɓarawo. Gaisuwa ce dai ta canza, kuma da aka zo tara kuɗi na gaba, gidajen da suka saba biya da wuri suka ce sai sun ga yadda ta kaya. Ƙungiya ce ta biya kuɗin sakacina.

Kada ka karɓi kuɗin jama'a sai da rasit mai lamba da kwafi, ɗaya ga mai biya, ɗaya ga ma'aji. Kuɗi su shiga asusun ƙungiya, kada su kwana a naka ko da dare ɗaya. A sa mutum uku masu sa hannu, a ce sai biyu sun sa kafin a cire komai. Mai karɓa daban, mai duba lissafi daban, kuma mai dubawar ya fito daga wajen shugabanni. In za ka kashe naka da niyyar a mayar maka, a amince a taro a rubuta tukuna. Wasu za su ce maka wannan rashin yarda da juna ne, mu da muke gida ɗaya. Ka yi murmushi ka ci gaba da rubuta rasit, domin mai gaskiya ne ya fi kowa bukatar takarda.

Bayan na koyi lissafi sai na zarce. Na jera sunayen waɗanda ba su biya ba na watsa a zauren WhatsApp na unguwa. Cikinsu har da magidancin da aiki ya kuɓuce masa, yana ɓoye halinsa ko ga 'yan'uwansa. Bai sake zuwa taro ba, kuma ya tafi da abokansa. Daga baya na ci karo da binciken Elinor Ostrom, 'yar Amurka, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009. Ta yi nazarin al'ummomin da suka daɗe suna tafiyar da ruwan noma, filayen kiwo da wuraren kamun kifi da kansu ba tare da sun watse ba. Cikin abubuwan da ta ga sun haɗu a kai akwai hukunci hawa-hawa: a fara da jan kunne mai sauƙi, a ƙara nauyi sai in mutum ya maimaita. Akwai kuma cewa waɗanda doka za ta hau kansu su ne za su sa baki a tsara ta. Ni na fara da hawan ƙarshe. Abin da ya dace shi ne mutum biyu su je gida su yi sallama, su ji dalili, a yi wa mai uzuri sassauci ko a karɓi aikin jikinsa a madadin kuɗi. A nan kuma zan ce, ƙungiyar da masu gida kaɗai ke yanke mata hukunci, 'yan haya na biya ba su da baki, kada ta yi mamaki in kuɗin wata ya ƙi taruwa.

Sai kwaɗayin aiki. Duk abin da aka ce wa zai yi, hannuna na sama. Na zama mai aika sanarwa, mai ajiye rajista, mai bin ma'aikatan kwashe shara, komai yana cikin wayata. Ana yabona ina jin daɗi. Da tafiya ta kama ni, komai ya tsaya cik, don ba wanda ya san lambar kowa. Na dawo a gajiye ina jin haushin mutanen da ni na hana su koyo. Ka ɗauki aiki ɗaya mai farko da ƙarshe, ka faɗi lokacin da za ka iya bayarwa a mako, ka jawo wani kusa da kai tun ranar farko. Lambobi, takardu da makullai su kasance inda aƙalla mutum biyu ke iya kaiwa.

Lokacin zaɓe kuwa za a zo muku da kyauta, kujerun taro ko fitilu, ana neman hoto da shugabanni. Na taɓa goyon bayan a karɓa a kuma yi godiya da sunan ƙungiya a bainar jama'a, sai rabin unguwa suka ɗauke mu 'yan jam'iyya suka ja baya. Yanzu dokarmu ita ce duk gudummawa daga waje sai an karanta ta a babban taro, an shigar da ita littafi da sunan mai bayarwa, kuma ba a yin taro a ƙarƙashin tutar kowa.