Venice ta Las Vegas da Venice ta Italiya

A shekarar 1999 aka buɗe otal ɗin The Venetian a birnin Las Vegas na Amurka, a filin da tsohon otal ɗin Sands yake kafin a rushe shi a 1996. Attajirin gidajen caca Sheldon Adelson ya kashe kimanin dala biliyan ɗaya da rabi domin a kwaikwayi birnin Venice na Italiya, mai hanyoyin ruwa a maimakon tituna, a tsakiyar hamadar Nevada, har da hasumiyar dandalin San Marco da gadar Rialto. Ba shi ya fara wannan salo ba, domin tun 1993 otal ɗin Luxor ya tsaya da siffar dalar Masar, kuma a shekarar da aka buɗe Venetian ne otal ɗin Paris Las Vegas ya kafa hasumiyar Eiffel mai rabin tsayin ta gaske.

Abin lura shi ne inda aka ajiye ruwan. Hanyar ruwan da ke cikin ginin tana hawa na sama, a bisa zauren caca, shaguna sun jeru a gefenta hagu da dama, an kuma zana gajimare a rufin ɗakin tare da fitilun da ke sa mutum ya ɗauka kullum la'asar ce sakaliya. Matuƙan kwale-kwale sanye da riguna masu ratsi suna rera waƙa da Italiyanci, ruwan kuwa garau yake, babu wari, babu ambaliya. An yi wannan duka ne domin baƙo ya manta da agogo, ya daɗe a ciki, hannunsa na shiga aljihu. Tsarin ya karɓu har kamfanin Adelson ya sake gina irinsa, wanda ya fi shi girma, a Macau ta ƙasar Sin a 2007.

Ni dai ban ga wani babban laifi a jikin ginin ba, tunda duk mai shiga ya san kasuwa ya shiga. Damuwata tana ga birnin na asali, wanda yake ƙara kama da kwaikwayonsa shekara bayan shekara. A 1951 mazauna tsohon garin Venice sun kai kusan 175,000, amma a 2022 sun gaza 50,000. Gidajen da iyalai suka gada sun koma masaukin haya na kwana biyu, shagunan masarufi sun koma wurin sayar da tsarabar 'yan yawon buɗe ido, mafi yawan baƙin kuma da safe suke zuwa, su ɗauki hoto a kan Rialto, su fice kafin dare ba tare da sun kwana ba. Otal ɗin Las Vegas an gina shi ne daga farko ba da mazauna ba. Venice kuwa nata mazaunan tsadar haya da cunkoso ne ke korarsu.

A 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa ratsawa ta gaban San Marco. A watan Afrilun 2024 hukumar birnin ta fara karɓar yuro 5 daga masu zuwa wuni ɗaya a wasu ranakun cunkoso, kuma a ranar farko mazauna suka fito zanga-zanga suna cewa sayar da tikitin shiga ya tabbatar da cewa an mai da garinsu wurin wasa. Hukumar ba ta janye ba, a 2025 ma ta ƙara yawan ranakun, ta kuma mai da kuɗin yuro 10 ga wanda bai yi rajista da wuri ba.