Yaushe macen ƙaramar mesa ta isa barbara?

Duk mai kiwon ƙaramar mesa, wato wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius, ya san lambar nan ta giram 1,500. Daga Nima zuwa Madina Zango, unguwannin Akra a Gana, in ka ji masu kiwo suna hira a kan mace, tambayar farko ita ce, "Ta cika kilo ɗaya da rabi?" In aka ce ta cika, sai ka ji an ce a saka mata namiji. Lambar tana da tushe, sai dai sikeli shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Mace biyu za su hau sikeli su ba da nauyi ɗaya, ɗaya ta zuba ƙwai shida lafiyayyu, ɗayar kuma ta zuba baragurbi ko ƙwai ya maƙale mata a ciki.

Dalilin lambar lissafi ne kawai. Mace kan yi ƙwai huɗu zuwa takwas, shida ne aka fi gani, kuma kowane ƙwai yana iya kusantar giram 100. Ranar da ta gama zubawa, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ya tafi. Ga shi kafin nan ta yi wata biyu ko uku, wani lokaci fiye, ba ta karɓar abinci. Wadda ta shiga da giram 1,500 za ta fito da kusan 1,000, a rame amma da sauran ƙarfi. Wadda aka tura da 1,100 kuwa fata da ƙashi za ta koma, kuma sai ta ci shekara guda ko fiye kafin ta dawo yadda take.

Awon ma da yadda ake yinsa. A samu sikelin kicin mai nuna lamba, wanda ke ɗaukar kilo biyar. A ɗora roba mai murfi, a mayar da lambar sifili, sannan a saka macijiyar. Abin da ke ruɗin mutane shi ne auna ta da ciki cike. Ɓeran da ta haɗiye shekaranjiya yana nan a ciki, kuma wannan macijiya tana iya riƙe kashi na makonni. Tsakanin ɓera da kashi da fitsarin nan nata mai kama da alli, sai ka ga giram 150 ko 200 na ƙarya a kan sikeli. A bari mako guda ya wuce bayan ciyarwa, a jira ta yi kashi, washegari a auna. A rubuta a littafi sau ɗaya duk wata, domin awo ɗaya ba ya nuna ko tana hawa ko tana sauka.

Shekaru sun fi nauyi muhimmanci a wurina. Mace tana balaga tsakanin shekara biyu da uku, kuma wadda ta cika uku ta fi ba da kwanciyar hankali. Akwai masu gaggawa da ke ɗura wa ƙaramar mace ɓera duk kwana huɗu ko biyar don ta cika kilo ɗaya da rabi tana wata goma sha takwas. Lambar kan cika, amma kitse ne. Gane irin wannan ba wuya: kai ƙarami, jiki kamar hannun taɓarya, fata tana leƙowa tsakanin ɓawon jikinta ko ba ta ci komai ba, in ta lanƙwasa sai gefenta ya yi ninki, kuma dab da wutsiya jikin ya yi kauri sannan ya tsuke farat ɗaya. Mace mai lafiya in ka dube ta ta gaba, bayanta ya zagaye a hankali, ƙashin baya bai fito kamar tsinin rufin ɗaki ba, bai kuma nutse cikin kwari ba. In ka ɗauke ta za ka ji tsoka tana kama hannunka da ƙarfi. Mai kitse laushi za ka ji. Irinta ce ta fi zuba ƙwai marasa ɗa, ƙanana, rawaya-rawaya masu tauri, ita ce kuma ta fi shiga haɗarin maƙalewar ƙwai, saboda tsokar turowa ba ta yi ƙwari ba. A gefe guda, akwai macen da halittarta ƙarama ce, ta shekara huɗu ko biyar tana nan a giram 1,300, jiki a murɗe, tana ci ba fashi. Wannan in aka ba ta namiji za ta iya yin ƙwai huɗu lafiya lau. Da a ce zaɓi ne tsakaninta da 'yar wata goma sha takwas mai giram 1,600, babbar zan ɗauka.

A nan Gana akwai wata matsala da mai kiwo a Amurka bai cika haɗuwa da ita ba. Macijiyar tamu ce, a dazukanmu take, a ramukan ɓera da tsohon suri, kuma Gana da Togo da Benin ne suka fi fitar da ita ƙasashen waje. Saboda haka da yawa daga manyan matan da ke hannun mutane kamun daji ne, ba wanda ya san shekarunsu. Wadda aka tono maka a watan Janairu ko Fabrairu da ciki ƙato, akwai yiwuwar tana ɗauke da ƙwai tun daga daji, nauyin da ka gani a sikeli na ƙwai ne. Kada a saka mata namiji, kada a matsa cikinta. Ko ba ta da ƙwai, kamun daji sai an keɓe ta wata uku nesa da sauran, a cire mata kaska, a kai kashinta wurin likitan dabbobi a duba tsutsar ciki. Sau da yawa tana yin watanni tana ƙin ɓeran gida, an fi samun kanta da ɓeran gona mai laushin gashi, wanda ta saba ci. Kamun dajin da ba ta yi shekara tana ci a hannunka ba, a manta da maganar barbararta. Tun da an taɓo maganar daji, macijiyar tana rukuni na biyu a yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, fitar da ita waje sai da takardar izini daga sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji ta ƙasa, kuma gara mai kiwo ya je can ya san matsayinsa tun kafin 'ya'ya su cika masa ɗaki.

Kafin a haɗa su, a tabbatar macen mace ce. Ƙayar da ke gefen dubura ba hujja ba ce, dukansu suna da ita. Wanda ya iya ne zai zura siririn ƙarfe mai santsi ta dubura zuwa wajen wutsiya: a mace ba ya wuce ɓawo biyu zuwa huɗu, a namiji yana nutsewa sosai. Wanda bai iya ba kada ya koya a kan macijiyarsa mai tsada, ana huda su. Namiji shi ba ya ba da wahala, giram 700 zuwa 800 da shekara ɗaya da 'yan watanni sun ishe shi. Wadda ke fitar da majina, ko numfashinta na ƙara, ko ƙananan ƙwari baƙaƙe suna yawo a gefen idonta, magani take buƙata.

Sai lokaci. Yawancin abin da ake karantawa a intanet an rubuta shi ne don ƙasashe masu sanyi, inda mai kiwo ke rage zafin ɗaki da hannunsa don ya kwaikwayi yanayinmu. A dajin nan barbara tana kamawa daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba, lokacin ƙaramar damina, ƙwai yana sauka daga Fabrairu zuwa farkon Afrilu, 'ya'ya su ƙyanƙyashe da saukar ruwan babbar damina. Macijiyar da ke ɗaki a Akra tana jin wannan sauyin da kanta, ba sai an kunna mata na'urar sanyaya ɗaki ba. Abin tsoro a wurinmu zafi ne. Ɗaki mai rufin kwano a Fabrairu da Maris yana wuce digiri 34 da rana, ga mace tana tsakiyar haɗa ƙwai, kuma zafi irin wannan yana ɓata ƙwan, yana raunana maniyyin namiji. Gefen ɗumi na akwatinta ya tsaya a digiri 31 zuwa 32, gefen sanyi 26 zuwa 27, da dare in ya sauka 24 ko 25 babu laifi. Da hunturu iska tana bushewa, a Kumasi ma fiye da bakin teku, sai a ƙara girman kwanon ruwa don saɓa ta fita gaba ɗaya.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin cikinta. Wanda ya taɓa gyara kazar da ke ƙwai ya ga jerin ƙananan gwaiduwa, wasu kamar gero, wasu kamar goro. Irinsu ne ke girma a cikin macijiyar, masu sana'ar suna ce musu folikul. Likitan dabbobi mai na'urar hoton ciki zai auna su da milimita. Wanda ba shi da hali yana iya lalubawa: a riƙe ƙyalle mai santsi a tafin hannu, a bar ta ta zame da kanta ta tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, babban yatsan yana taɓa cikinta a hankali daga tsakiyar jiki zuwa baya. In akwai su, za ka ji suna wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Ba a yin wannan bayan ta ci abinci, ba a kuma dannawa. In sun kai milimita 10 zuwa 15, girman gyaɗa ko ɗan fiye, lokacin fara saka namiji ya yi. A bar shi kwana uku, a cire shi ya huta kwana uku ko huɗu, a ba shi abinci in zai ci. In wutsiyoyinsu sun sarƙe, suna iya yin sa'o'i da yawa har kwana guda a haka, kada a taɓa akwatin. Sarƙewa ɗaya a wata ta isa, tun da mace tana ajiye maniyyi na watanni.

Halinta ma yana magana. Da farko cinta yana ƙaruwa sosai. Da folikul suka kai girman dabino, wajen milimita 25 zuwa 30, sai ta yanke cin abinci, ta koma gefen sanyi, ta nannaɗe kwanon ruwa, wani lokaci ka same ta kwance ciki sama, launinta ya yi haske kamar an wanke ta. Macen da aka saka wa namiji sau uku ko huɗu tana guje masa, tana kaɗa wutsiya tana fesa fitsari, kuma ba a ji komai a cikinta, bana ba tata ba ce. A cire shi. Yakan faru kuma folikul su fara girma sannan jiki ya tsotse su, galibi don kitsen ajiya bai isa ba ko an dame ta da ɗauka da sauyin akwati.

In sun kai milimita 40 zuwa 45 sai ta saki ƙwan zuwa mahaifa. Tsakiyar jikinta zai kumbura kamar ta haɗiye babban ɓera alhali ba ta ci komai ba, wutsiya ta tsotse, kumburin ya baje cikin kwana guda. A rubuta ranar, a cire namiji gaba ɗaya, aikinsa ya ƙare. Bayan kamar mako uku za ta yi saɓa, daga saɓar kuma a ƙirga kwana talatin, da 'yan kwanaki sama ko ƙasa, ƙwai zai sauka. In ta wuce kwana arba'in da biyar tana yunƙuri babu komai, ko ta zuba wasu wani kumburi ya tsaya dab da dubura har kwana biyu, a kai ta wurin likita, kada a ce za a matso shi da hannu. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 55 zuwa 60 a digiri 31 zuwa 32. Inda dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ke yawa, barin uwar ta yi kwanci a kan ƙwanta ya fi na'urar da wuta za ta ɗauke mata, amma hakan ƙarin wata biyu ne ba cin kirki, sai macen da ta shiga da giram 1,800 ko fiye.

Wadda ta yi ƙwai bara, ba a duba 1,500 a kanta. A buɗe littafi a ga nauyin da ta shiga barbara da shi bara. In Satumba ta zo ba ta mayar da shi ba, a bar ta ta ci ɓeranta har baɗi.