Shagon sushi na bayan tashar Otsuka

Tokyo gari ne da mutum zai daɗe a cikinsa ba tare da maƙwabci ya tambaye shi yaya ya kwana ba. Mutanen suna da ladabi matuƙa, sai dai ladabin daga nesa ne. Kusan mutum miliyan 14 ke zaune a birnin, jirgin layin Yamanote yana cika maƙil kowace safiya, amma ba ka jin muryar kowa. Ni da na tashi a Kano, inda gaisuwa kaɗai kan tsayar da mutum a hanya, wannan shirun ya fi sanyin Janairu damuna.

Na kama ɗaki a Otsuka saboda masallacin unguwar, aikina kuwa a Saitama yake, inda muke kwance tsofaffin motoci muna loda kayansu a kwantena zuwa Legas da Kwatano. Da farko girki na nake yi da naman da nake saya a shagunan halal na Shin-Okubo. Abincin gari kuwa ina kaffa-kaffa da shi, kuma da dalili: yawancin romon taliyarsu ta ramen da ƙashin alade ake dafa shi, barasa kuma tana shiga girki ta inda ba ka zata ba. Ɗanyen kifi ma ko a mafarki ban kawo zan ci ba. Mu kifin banda na Baga muka sani, ko soyayye da yaji.

Wani ɗan uwa daga Indonesiya, da muke haɗuwa a sahun Juma'a, shi ya ja ni wani ƙaramin shagon sushi, wato ɗan curin shinkafa da kifi a kai, a wani lungu bayan tasha. Gajeren labule a bakin ƙofa, doguwar kanta ta katako, kujeru ba su kai goma ba. Dattijon da ke bayan kantar kowa taisho yake ce masa, wato maigida. Matarsa ce ke miƙo tawul mai ɗumi na goge hannu da koren shayi mai zafi.

Abokina ya yi masa bayanin abin da ba na ci. Ban ga ya yamutsa fuska ba. Ya tsaya ya yi tunani, sannan ya shiga lissafa mana kayansa ɗaya bayan ɗaya. Miyar da yake shafa wa kifi da buroshi akwai mirin da sake a ciki, duka biyun barasar shinkafa ce, don haka babu ita. Dogon kifin nan anago a cikin irin wannan romon ake dafa shi, shi ma babu. Wainar ƙwansa ma haka. Shinkafarsa kuwa ruwan tsami ne da gishiri da ɗan sukari kawai. Sai ya yanko farin kifi, ya barbaɗa gishiri, ya ɗiga ruwan lemun tsami, ya ɗora a kan ɗan curin shinkafa, ya ajiye a gabana. Na nemi tsinkayen cin abinci, ya nuna mini hannunsa: da hannu ma ana ci, kuma ba abin kunya ba ne. Na yi bisimilla.

Babu ƙarni ko kaɗan. Shinkafar da ɗuminta, tana wargajewa a baki, kifin da sanyi da garɗi, yajin wasabi ya hau hanci ya sauka nan take. Wanda ya fi shiga raina shi ne saba, ɗan uwan titus ɗinmu na kasuwa, wanda yake jiƙawa a gishiri sannan a ruwan tsami. A nan na gane rabin aikin mai sushi tun kafin baƙo ya zo ake yinsa. Dabara ce ta zamanin da babu firji, lokacin da Tokyo ke amsa sunan Edo, a farkon ƙarni na 19, ana sayar da sushi a rumfunan bakin titi ga ma'aikata masu sauri. Har yanzu dattijon nan da asuba yake zuwa kasuwar Toyosu, wadda ta maye gurbin Tsukiji a 2018, ya zaɓo kifi da idonsa.

Akwai manyan shagunan da faranti ke zagayawa a kan bel, dabarar da aka fara a Osaka a 1958. Sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma ba na raina su, don ranar da aljihu ya yi sanyi can nake nufa. Amma a can allo kake latsawa, ka ci ka biya ka fita ba ka yi magana da ɗan Adam ba. Ƙaramin shagon kuwa kamar teburin mai shayi yake: kowa ya san kujerarsa, ana taɗin ƙwallon besbol da tsadar kaya, mai shago ya san wanda ke fama da hawan jini da wanda jikarsa ta shiga jami'a. Japanancin da na koya a wannan kantar ya fi wanda na koya a aji.

Daga baya na sayo kwalbar shoyu, wato miyar waken soya da ake tsoma sushi a ciki, mai tambarin halal. A nan al'ada ce mai zuwa kullum ya bar kwalbar giyarsa a shago da sunansa a jiki. Matar taisho ta karɓi tawa kwalbar, ta rubuta sunana, ta ba ta nata gurbi a kan kanta. Yanzu da na ɗaga labule ita take fara saukowa. Kuma duk shekara dattijon kan tambaye ni yaushe azumi zai kama, don ya san wata guda ba zai gan ni da rana ba.

Abin da ke damuna shi ne irin waɗannan shagunan suna ta rufewa a unguwanni, masu su sun tsufa, 'ya'ya sun kama aikin ofis. Ɗan taisho ma a wani kamfani yake aiki, ba shi da niyyar gadon wuƙar. Shi ya sa duk ƙarshen wata, albashi na shiga, nake ware kuɗin cin dare a wurinsa, ko da ya ninka na shagon bel. Wani yaro daga Damagaram ya iso karatu kwanan nan, na ga yadda yake zama shi kaɗai bayan sallah. Na riga na gaya wa taisho ya tanadi kujera biyu ranar Juma'a mai zuwa, kuma ya fara masa da dafaffen jatan lande kafin ɗanye.