Octa core ɗin da ke jikin kwalin tab, da abin da ba a rubuta ba

A gidanmu duk wanda zai sayi tab ni yake kira, wai ni ne ɗan kwamfuta. Yaya za ta saya wa yara na karatu, ƙanina yana so ya riƙa gwada tambayoyin JAMB, Kawu kuma so yake ya samu sikirin mai faɗi da zai riƙa karanta littattafansa na PDF ba sai ya matse ido ba. Kuma kusan kullum maganar iri ɗaya ce, a turo min hoton kwali biyu a WhatsApp a ce ga wannan ga wannan, duka octa core ne, duka 2.0GHz, amma ɗaya ya kusa ninka ɗaya a kuɗi, ba mai arhan za mu ɗauka ba? To na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya da boyis not, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, nan gaba duk wanda ya tambaya sai in tura masa link kawai.

Farko dai a gane cewa firosesan tab, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukansa, ba irin na kwamfutar tebur ba ne, kuma ba don an raina tab ba. Tab ba shi da fanka, ba shi da wurin da iska za ta shiga ta fita, jikinsa sirit, kuma duk rayuwarsa a kan batir take. Ɗauki Galaxy Tab A9+ misali, batirinsa 7040mAh ne, wanda in ka lissafa bai wuce wat 27 na awa guda ba. Firosesan kwamfutar tebur na yau da kullum yana iya jan wat 65, ka ga da za a dasa shi a cikin tab ko rabin awa ba zai yi ba batir ya ƙare, wannan ma in roba ba ta narke ba kenan kafin nan. Don haka firosesan tab dole ya yi duk aikinsa da 'yan wat kaɗan da ba su wuce ka ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ya raba wutar da sikirin, wanda shi ma babban maci ne.

Kusan duk tab ɗin da za ka gani a Farm Centre a Kano ko a kowace kasuwar waya, ƙirar ARM ce a cikinsa. ARM kamfanin Ingila ne da ke Cambridge, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba su ne ke ƙera firosesan tab ba, zane suke yi su sayar da lasisi, sai MediaTek da Qualcomm da Unisoc da Samsung su saya su haɗa nasu. Asalin abin tun 1985 ne a kamfanin Acorn, inda Sophie Wilson da Steve Furber suka zana na farko. Burinsu a lokacin arha ne ba batir ba, suna so ya ja wuta ƙasa da wat ɗaya don a iya saka shi a gidan roba mai sauƙin kuɗi, sai ya fito yana jan kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan. Wannan tsumulmular wutar ce daga baya ta kai shi cikin wayoyin duniya gaba ɗaya.

To mu dawo kan octa core. Ma'anarsa dai injina takwas ne a cikin firosesan, gaskiya ne ba ƙarya suka rubuta ba, amma wane irin injina? A nan zancen yake. ARM na da ƙananan injina irin su Cortex-A53 da A55, tana da manya irin su A75, A76, A78. Ƙananan an yi su ne don kada su sha wuta, aiki suke bi a jere ɗaya bayan ɗaya, in umarnin farko ya tsaya jiran wani abu daga ram, wato wurin ajiyar wucin gadi na aikin da ake kan yi, to na bayansa ma sai ya tsaya. Manyan kuwa suna da wayon tsallake wanda ya maƙale su ci gaba da na gaba kafin wancan ya shirya, shi ya sa ko da lambar gudunsu ta GHz ɗaya ce aikin da babba zai gama a daƙiƙa guda ƙarami ba zai zo kusa ba. A 2011 ARM ta fito da dabarar da ta kira big.LITTLE, wato a haɗa manya da ƙanana a firosesa ɗaya. Kamar gidan da ke da janareta biyu ne, ƙaramin da ake tayarwa don fanka da ƙwan fitila da caji, da babban da sai za a kunna firiza ko injin jan ruwa ake taɓa shi. Kana karatu ko sauraron wa'azi ƙananan ne ke aiki, ka danna Chrome ko ka buɗe gem sai manyan su farka su gama da sauri su koma barci.

Matsalar ita ce akwai octa core ɗin da duka takwas ɗin ƙanana ne, babu babba ko ɗaya. MediaTek Helio P22T da ke cikin Galaxy Tab A7 Lite, A53 ne guda takwas. Unisoc SC9863A da ke cika tab-tab masu arha, A55 ne guda takwas. Ka kwatanta da Helio G99 na 2022 wanda ke cikin Redmi Pad da Galaxy Tab A9, shi A76 biyu gare shi da A55 shida. A kwali duka sunansu ɗaya, a hannu kuwa wallahi ba sai an faɗa maka ba, daga buɗe shafin intanet mai nauyi za ka ji bambancin, domin yawancin abin da muke yi a tab, danna app, jan shafi sama da ƙasa, rubutu, inji ɗaya ko biyu ne ke ɗauke da nauyinsa, sauran shidan suna zaune. Ni a wurina manyan injina biyu sun fi min ƙanana goma sha shida. Ko Unisoc T618 na cikin Galaxy Tab A8, da mutane ke yi wa kallon raini saboda sunan Unisoc, yana da A75 biyu, kuma ya fi P22T da SC9863A daɗin amfani nesa ba kusa ba.

Abu na biyu da ba sa son rubutawa shi ne nanomita, wato ƙanƙantar fasahar da aka ƙera firosesan da ita. Idan lambar ta yi ƙasa, galibi wutar da zai sha don yin aiki iri ɗaya ta ragu, zafi ma ya ragu. SC9863A ɗin nan 28nm ne, tsohuwar fasaha sosai. T618 da P22T 12nm. G99 kuwa 6nm ne daga masana'antar TSMC ta Taiwan, shi ya sa yake da sanyin jiki da riƙe caji. iPad Pro na 2024 mai M4 ya sauka har 3nm, amma wannan wata duniyar ce, kuɗinsa kaɗai ya isa ya fitar da shi daga hirar da muke yi.

Zafi kuma shi ne inda abin ya fi shafarmu mu 'yan nan. Firosesa in zai ƙara gudu sai an ƙara masa ƙarfin wuta, kuma wutar da yake ci ba a hankali take hawa ba, in ka ninka boltej sau biyu cin wutar ninkuwa yake sau huɗu. Duk wannan wutar zafi take komawa, tab kuma ba fanka, ta bayan jikinsa kaɗai zai fitar. Da ya kai wani mataki sai na'urar ta rage gudun da kanta don kada ta lalace. Shi ya sa za ka ga yaro ya fara gem lafiya lau, bayan ɗan lokaci abu ya fara tsalle-tsalle yana maƙalewa, ya zo yana cewa tab ya lalace ko bairos ya shiga, alhali ba abin da ya same shi, zafi ne kawai. Apple da kansu sun rubuta cewa a yi amfani da iPad a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. To ka tuna Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, digiri 40 da ɗoriya, ba wuta, ba fanka, ɗakin rufin kwano, ga tab a cikin kondom ɗin roba mai kauri irin na yara mai kunnuwa, a kan katifa, kuma an jona shi a fawa bank ana caji ana kallon katun a lokaci guda. Na sha ɗaga tab ɗin 'ya'yan Yaya a haka, bayansa har ba ya taɓuwa sosai. Na ce mata Yaya don Allah in za a yi caji a cire masa rigar nan a ɗora shi a kan tayil, ta ce to ai in an cire rigar kafin la'asar sun fasa sikirin, kuma gaskiyarta. Abin da nake nufi dai, lambobin gwaji irin na Geekbench da AnTuTu da ake nunawa a YouTube, a ɗaki mai esi aka yi su kuma na 'yan mintuna ne, mu abin da ya dame mu shi ne gudun da firosesan zai iya riƙewa bayan ya ɗau zafi, a nan ne mai 6nm yake barin mai 28nm a baya.

Akwai kuma tab na Windows 'yan gwanjo da har yanzu suke yawo, masu tambarin Intel a baya, mutane na ganin Intel sai su ɗauka ai laftof ce aka matse. Yawancinsu Intel Atom ne. Atom ya fara fitowa a 2008 a ƙananan laftof ɗin nan da ake kira netbook, daga baya da iPad ya fito a 2010 kasuwar tab ta buɗe, Intel ta ga ARM na neman cinye komai sai ta shigo da ƙarfi, ta fito da Bay Trail a 2013 sannan Cherry Trail a 2015, irin su Z3735F da x5-Z8350. Har tallafin kuɗi ta riƙa ba masu ƙera tab don su saka nata, a 2014 ta sa wa kanta burin tab miliyan 40 kuma ta wuce shi, amma sashenta na wayoyi da tab ya yi asarar sama da dala biliyan 4 a shekarar. A 2016 ta soke Atom ɗin da take shiryawa na waya da tab ta janye. Ragowar wancan yaƙin ne muke gani a kasuwa yanzu, ram 2GB, ma'aji 32GB wanda Windows kaɗai ta cinye fiye da rabi. Za su buɗe Word, za su kunna bidiyo, amma ka buɗe shafuka uku huɗu a burawza ka ga ikon Allah. Ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, su kuma ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. In har Windows kake so a tab mai sauƙin kuɗi, gara ka nemi mai firosesan Intel N100 na 2023, wat 6 ne shi ma amma ya yi wa tsofaffin Atom nisa ƙwarai.

Kada kuma a ɗora wa firosesa laifin da ba nasa ba. Tab mai ram 2GB ko 3GB zai riƙa sulo ko me aka saka masa, ni yanzu ba na ba kowa shawarar ƙasa da 4GB. Kuma a kula da rubutun nan na 4GB+4GB, huɗun farko ne ram na gaskiya, na biyun daga ma'aji aka yanko aka ara, ba su da saurin ram. Shi kansa ma'ajin iri biyu ne, eMMC mai nawa da UFS mai sauri, kuma yana cikin abin da ke sa app ya buɗe nan take ko ya tsaya yana tunani.

Ba wai ina cewa kowa sai ya sayi mai tsada ba fa. Kawu da PDF da karatun Alƙur'ani kawai zai yi, ƙananan injina sun ishe shi, gara ya kashe kuɗin a sikirin mai kyau da batir. Kallon bidiyo ma bai cika wahalar da injinan ba don akwai wani sashe daban a cikin firosesan da aikinsa kenan, shi ya sa tab mai rauni zai kunna fim sumul amma ya kasa buɗe shafin rajistar makaranta. Wanda zai yi aji ta Zoom yana rubutu a gefe, ko ya yanka bidiyo a CapCut, ko gem, shi ne bai kamata ya yarda da takwas ƙanana ba.

In ka je shago, ka tambayi sunan firosesan da lambarsa, in mai shago ya ce maka octa core ne Alhaji, ka ce masa na gani, wanne daga ciki? Wasu ba ɓoyewa suke ba, su ma ba su sani ba. In babu sunan a kwali kuma babu a shafin kamfanin, ni a nan nake ajiyewa. Akwai tab marasa suna da ake gyara musu Settings su nuna ram 12GB ko 16GB da ma'aji 512GB a farashin da bai kai na ƙaramar waya ba, ciki kuwa tsohon firosesa ne mai injina huɗu da ram ɗin da bai wuce 2GB ba. Don haka kada ka tsaya a About tablet, ka roƙi a bar ka ka jona hotspot ɗinka ka sauke CPU-Z ko Device Info HW, ka duba ko akwai A75 ko A76 ko A78 a jerin, ka duba nanomita. Su ma waɗannan app ɗin ana iya yaudararsu wani lokaci, shi ya sa bayan nan sai ka buɗe YouTube da Chrome da kyamara ka riƙa tsallakawa tsakaninsu na kamar minti goma, ka ga ko app ɗin da ka bari yana nan inda ka bar shi ko ya sake lodi daga farko, sannan ka juya tab ɗin ka taɓa bayansa ta wajen kyamara kafin a rubuta rasit.